Shin Riɗi a Gefen Fangali Zai Rage Feshin Shinkafa?

Malamin gona: Jama'a, ina nan a kan bakana cewa shuka riɗi a kan kunyar da ke tare ruwa yana rage feshi. An gwada shuka riɗi da wasu tsirrai masu fure a gonakin manoma a Sin da Tailan da Biyetnam, kuma sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna feshin maganin ƙwari ya ragu da kashi 70 cikin ɗari, amfanin gona ya ƙaru da kashi 5. Dalilin shi ne akwai wasu ƙananan zanzaro, da ƙyar ido ke ganinsu, da ke saka ƙwansu cikin ƙwan ƙwarin shinkafa su kashe shi, kuma idan suka sha ruwan zaƙin furen riɗi sukan ƙara kwana su yi aiki.

Manomi daga Kura: Malam, ban ƙi ta taka ba, amma ƙwaron da ya addabi Asiya wani ɗan tsalle ne mai ruwan ƙasa da ke tsotse kara. Mu a nan abin da ke hana mu barci shi ne tsutsar kara, wadda ke barin zangarniya fara fat ba ƙwaya ɗaya, sai kuma jan-baki. Wane fure ne zai kori tsuntsu?

Malamin gona: Alhaji, babu, kuma ban ce akwai ba. Tsutsar kara kuwa ita ma tana da zanzaron da ke cin ƙwanta, kuma shi ne ke fara mutuwa idan aka yi feshi tun shuka tana ƙarama, shi da gizo-gizon da ke farauta a gindinta. A Indunusiya feshi barkatai ya sa ɗan tsallen nan mai ruwan ƙasa ya yi ambaliya, har gwamnati ta hana amfani da magunguna 57 a kan shinkafa a 1986.

Mai noman rani daga Argungu: Ni damuwata daban ce, Malam. Riɗi ba ya son jiƙa, kunyarmu kuma siririya ce, a kanta muke tafiya da buhun taki a ka. Idan ganye ya rufe ta, ɓera ya sami mafaka, ya haƙa rami, ruwa ya zurare.

Malamin gona: Hajiya, wannan ƙorafi yana da ƙarfi. Sai an ɗaga kunyar an faɗaɗa ta, an kuma daidaita lokaci yadda furen zai buɗe shinkafa na tofo, domin riɗin da ya yi fure bayan girbi bai taimaki kowa ba. Inda danshi ya yi yawa, a jarraba kuɓewa.

Manomi daga Kura: Saura guda. Gonakinmu a manne suke, idan na daina feshi maƙwabcina bai daina ba, iska za ta kawo maganinsa kan furena.

Malamin gona: Haka ne, shi ya sa gwajin ke bukatar manoman da ke shan ruwa a magudana ɗaya su amince tare, su ware fangali kaɗan, su ƙirga farar zangarniya lokacin girbi.

Mai noman rani daga Argungu: To, wa zai biya asarar idan fangalin gwajin ya lalace?