Shin Tintin ɗan jarida ne, ko ɗan rakiyar masu haƙar kaburbura?

Tsohon ɗan jarida: Ni dai ban yarda a kira Tintin ɗan jarida ba. Tun da mai zane Hergé ya fito da shi a matsayin jarumin labaran zane a jaridar yara ta Le Petit Vingtième a Beljiyam, ranar 10 ga Janairu, 1929, sau ɗaya tak aka nuna shi yana rubuta rahoto, a labarinsa na Tarayyar Sobiyet. A littafin Les Cigares du Pharaon ya bi wani masani har cikin kabarin Fir'auna Kih-Oskh, ya ga gawarwakin masana a jere an nannaɗe su, amma bai aika wa edita ko layi ɗaya ba.

Ɗaliba: Baba, ina ganin kun tsananta. Ba don ado aka ajiye ɗan jarida kusa da mai haƙa ba. Bayan Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Nuwamban 1922, Lord Carnarvon, wanda ya ɗauki nauyin haƙar, ya sayar wa jaridar The Times ta Landan damar ba da labarin ita kaɗai, sauran jaridu suka fusata, kuma da ya rasu a Afrilun 1923 suka cika duniya da zancen la'anar Fir'auna. Mutanen zamanin ta idon ɗan jarida suka saba shiga kabari.

Malamin tarihi: Abin da ya fi damuna daban ne. A littafin Tintin mai suna Les Sept Boules de cristal, inda masu bincike bakwai suka ɗauko gawar Rascar Capac, wani sarkin Inkawa (mutanen Peru na da), daga Amurka ta Kudu, wani fasinja ne a jirgin ƙasa ya tambaya yadda Turawa za su ji in Misirawa ko mutanen Peru suka zo suna tone sarakunansu. Tambayar da ta kamaci ɗan jarida ke nan, sai ga ta a bakin wani.

Ɗaliba: Gaskiya ne, Malam, amma a ƙarshe Tintin ya rantse wa Inkawa ba zai tona asirin haikalinsu ba, ya kuma cika alkawari.

Tsohon ɗan jarida: 'Yata, wannan halin mutumin kirki ne, kuma na yaba. Sai dai labari mafi girma da ya taɓa samu ya rufe, kuma ba editan da zai ci gaba da biyan sa albashi a kan haka.