Me ya sa ɗan sandan ciki a labaran mafiya kullum ransa a ɓace?

Mai_Karatu:
Salam 'yan uwa. Don Allah labaran nan na ɗan sandan ciki da yake farautar 'yan mafiya (ƙungiyoyin manyan masu aikata laifi) a birni, me ya sa kullum jarumin ba fara'a, ga sigari a baki, kuma ko ya kama mai laifin ba ka jin an yi wata nasara?

Abban_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ai zamanin ne ya haifi salon. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, sai gungun 'yan ta'adda suka rungumi fasa-ƙwaurinta, kuɗi na shigo musu ta ko'ina har suna sayen 'yan sanda da 'yan siyasa, to masu rubutu a mujallu masu arha irin su Black Mask abin da ke faruwa a titi shi suka kwaso, shi ya sa jarumin bai yarda da kowa ba har ogansa.

'Yar_Zazzau:
Haka ne yaya. Dubi Al Capone, shugaban gungun masu fasa-ƙwaurin giya a birnin Shikago, duk kashe-kashen da ake jingina masa, a 1931 laifin ƙin biyan haraji ne ya sa aka yanke masa shekara 11. Ni wallahi abin da ke taɓa min zuciya shi ne shaidu, matar da ta ga komai ta taga amma ta yi gum saboda tana da 'ya'ya, shi kuma jarumin yana tsaye bakin ƙofa cikin ruwan sama yana roƙonta ta yi magana.

Mai_Karatu:
Na gode, Allah ya ƙara basira. To an taɓa rubuta irinsa da Hausa kuwa?