Piratpartiet da Hausa: 'yan fashin teku ne ko wa?

Jama'a, a taimaka mini da kalma. Ina rubutu a kan wata ƙaramar jam'iyya da Rick Falkvinge ya kafa a Suwidin ranar 1 ga Janairun 2006, sunanta Piratpartiet. Abin da take nema: a sassauta dokar haƙƙin mallakar waƙa da fim da littafi, gwamnati ta daina leƙen saƙonnin mutane, ita kuma ta buɗe nata littattafan kowa ya gani. Na kai kan sunan sai alƙalami ya tsaya.

Fassarar kai tsaye ita ce Jam'iyyar 'Yan Fashin Teku. Na karanta wa maƙwabcina, sai ya ce, "Subhanallahi, har rajista aka yi musu?" Yana da gaskiya. Bahaushe in ya ji wannan suna, masu tare jiragen ruwa a gaɓar Somaliya zai hango da bindigoginsu. Su kuwa waɗannan yawancinsu matasa ne 'yan kwamfuta.

Wani malami ya amsa mini ya ce ai muna da satar fasaha, kalmar da 'yan fim na Kano suka daɗe suna kuka da ita, a ce Jam'iyyar Masu Satar Fasaha. Allah ya ƙara sani, Malam, ka kusa, don daga can sunan ya samo asali. A da, kamfanonin fim a Suwidin suna da ofishin yaƙi da masu kwafar kayansu, Antipiratbyrån. A 2003 wasu suka cire "anti" suka kafa Piratbyrån don tsokana, daga cikinsu shafin The Pirate Bay na musayar fim da waƙa ya fito. Da 'yan sanda suka kai wa shafin samame ranar 31 ga Mayun 2006, sai mutane suka yi ta tururuwar shiga jam'iyyar. Amma ga inda na tsaya, Malam: in na rubuta "masu satar fasaha", na riga na yanke musu hukunci. Kalmar mai ƙara ce. Su cewa suke wanda ya tura wa abokinsa waƙa bai yi sata ba, kuma a kan wannan gardamar aka kafa jam'iyyar tun farko.

Sunan zagi ne suka ɗauka suka yi rawani da shi. Mu ma mun san irin haka. Lokacin da PRP ta dare biyu a Kano a farkon shekarun 1980, Santsi da Taɓo da habaici suka fara, daga baya kowane ɓangare ya rungumi nasa. Wanda zai fassara Taɓo ya ce "masu laka", ai ya kashe zancen.

Wata 'yar'uwa ta kawo Jam'iyyar 'Yancin Intanet. Yana da daɗin ji, Hajiya, kuma zai shiga kanun labari. Sai dai ya wanke su fes, ya zubar da tsokanar, ya kuma bar rabin aikinsu a waje. Ai an kafa jam'iyyu masu wannan suna a wasu ƙasashe ma. A Aisilan ba zancen sauke fim ne ya ɗaga su ba. Takardun Panama, wato bayanan sirri kan masu ɓoye dukiya a ƙetare, su suka tona asirin firayim minista a 2016, jama'a suka fusata da rufa-rufa, jam'iyyar ta tashi daga kujera 3 zuwa 10 a majalisa mai kujera 63. A Jamhuriyar Cek ma da batun cin hanci da buɗe kwangilolin gwamnati suka ci kujera 22 a 2017, har ɗansu Zdeněk Hřib ya zama magajin garin Prag a 2018.

Aisilan ɗin ce ma ta ba ni mafita. Mutanen nan sun yi suna wajen ƙin aron kalma, kuma suna da tasu ta ɗan fashin teku, sjóræningi. Duk da haka jam'iyyarsu Píratar take amsawa. Sun bar ɓarayin teku da sunansu, suka ari baƙuwar kalma ga 'yan siyasa.

To me zai hana mu? Hausa tana mai da p zuwa f, kuma tana da -awa ta mabiya, kamar Kwankwasawa. Sai mu ce Firatawa. Namiji Bafirace, mace Bafiraciya, yadda Sakkwato ta ba mu Basakkwace da Basakkwaciya. A farkon ambato a ƙara bayani: Firatawa, masu rajin haƙƙin mutum a intanet da mulki ba rufa-rufa. Wani ya fi son "keke-da-keke" a nan. Ni na ga ta fi dacewa da yadda ake bayani, ba yadda ake mulki ba.

Na gwada a jimla: "Firatawan Suwidin sun samu kashi 7.1 a zaɓen Majalisar Turai na 2009, Firatawan Jamus kuma kujera 15 a majalisar Balin a 2011." Ta zauna a baki.

Wani Basakkwace ya turo yanzu, ya ce a wajensu fira ita ce hira, don haka shi masu surutu ya ji. Ranka ya daɗe, na ji, amma ban janye ba. Firatawa zan sa a rubutun, sai in wani ya zo da wadda ta fi ta kafin Juma'a.