Smoothie bowl: ni dai na tsaya a kan "furar lambu"

1/ Jiya da safe na ɗora hoton karin kumallona, wata 'yar'uwa ta tambaye ni sunansa da Hausa. Turawa na kiransa smoothie bowl. Na kwana ina juya tambayar, don abin da ba mu raɗa wa suna ba baƙo yake zama a gidanmu, ko da duk kayan haɗinsa namu ne.

2/ Mu fara sanin abin tukun. Ayaba 2 ake yankawa su kwana a firiza, a haɗa da mangwaro 1, da ɗanyen alayyafo mai taushi cikin tafin hannu bayan an wanke shi sosai, da kindirmo rabin kofi, da dabino 2 ko 3 a madadin sukari. A markaɗa a bilenda. Daskararriyar ayabar ce ke ba shi kauri, shi ya sa ba a zuba ruwa sai ɗan kaɗan. Idan ya tsinke ya tashi daga abin kwano ya koma abin kofi. A juye a kwano, a barbaɗa gyaɗa, riɗi ko kwakwa, a sha da cokali. Mai son zogale ya sa garinsa ƙaramin cokali 1 kawai, fiye da haka yakan danne ɗanɗanon mangwaron.

3/ Salon ya shahara ne daga Burazil. Mutanen jihar Para da ke yankin Amazon sun daɗe suna dama 'ya'yan itacen asayi, wani itace dangin dabino, su ci da garin rogo da kifi. A shekarun 1980 aka fara sayar da daskararrensa da ayaba a birnin Riyo, daga nan ya bazu duniya.

4/ An kawo shawarwari. Wani ya ce "lemo". Lemo ana tace shi, ba shi da kauri, wannan kuwa da tuƙarsa ake sha. "Haɗin 'ya'yan itace" kuma ya riga ya zama sunan yankakku waɗanda ba a niƙa ba.

5/ "Markaɗe" ya ja hankalina ƙwarai, domin ainihin aikin ke nan. Sai dai ki ce wa yarinya ta ɗauko markaɗe a firij, tattasai da tumatir za ta kawo miki. Kalmar ta miya ce.

6/ Wadda na zaɓa ita ce furar lambu. Ku dubi fura: da sanyinta ake so, da nono ko kindirmo ake dama ta, a ƙwarya ake zubawa, mai kauri ake yabo, kuma ko da ludayi kake ɗiba "sha" ake cewa. Wannan kaɗai ya raba gardamar ko ci ake yi ko sha. Lambu kuma shi ne wurin da ayaba da gwanda da alayyafo suke fitowa tare, kalma guda ta ɗauki 'ya'yan itace da ganye.

7/ Wani malami ya yi min gyara cewa babu fura sai da gero. Allah ya ƙara ilimi, Malam, maganarka tana da tushe, amma harshen ya saba irin wannan aro. Kunun aya ba a dafa shi, babu hatsi a cikinsa, kuma ba wanda ya ƙi kiransa kunu. Madarar waken suya ma ba saniya aka tatsa ba.

8/ Ta kofi sai mu ce tsinkakkiyar furar lambu, abin da ake zubawa a sama kuma barbaɗe. Na gwada sunan a kan Inna da safen nan. Na ce, "Inna, ga furar lambu." Ta leƙa kwanon, ta ga kore, ta tambaya ko zogale ne a ciki, sannan ta ce a miƙo mata ludayi.