Abin da aka ce kan tsare shago da gida daga ɓarayi

Na tattaro shawarwarin da jama'a suka bayar, har da na wasu da suka san harkar kutsen kwamfuta. Su cewa suka yi ɓarawo da mai kutse hali ɗaya gare su: ba sa kokawa da ƙofar ƙarfe, taga mai rauni suke nema.

1. Kowa ya yarda cewa kwaɗo mai tsada a jikin ruɓaɓɓen katako asarar kuɗi ne. A duba sakata da rufin kwano, musamman shagunan Babbar Kasuwa.

2. Waya ce aka fi daɗewa a kanta. Lokacin zafi a Sakkwato mutane kan kwana a tsakar gida, waya na gefen tabarma. Ɓarawo ba wayar kaɗai yake so ba. Layin zai cire ya sa a wata, ya shiga asusunka na banki. A sa wa layin kansa lambar sirri, a danna *#06# a rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda. Ni kaina sai da na ji wannan shawarar na yi.

3. Wanda ya zo da rigar aiki ya ce mita zai duba, a nemi katin shaida kafin a buɗe.

Inda aka rabu shi ne kyamara. Wasu sun ce ganinta kaɗai na korar ɓarawo. Wasu suka ce in aka ɗauke wuta, ko aka sace akwatin da ke naɗar hoton, ta zama ado. Sun fi son maigadi da maƙwabci mai lura. Masu kabu-kabu kuwa cewa suka yi a sa wa babur sarƙa, ƙari a kan makullin kai.