Maciji ya sari kare ko kyanwa: me ake yi kafin a kai ga likita?

Uwar Gida:
Assalamu alaikum. Damina ta kankama, macizai sun yawaita a bayan gidaje. Idan maciji ya sari kare ko kyanwa, mene ne taimakon farko? Wasu sun ce a ɗaure ƙafar da roba, wasu kuma a tsaga wurin.

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, in aka tsaga sai jinin ya ƙi tsayawa. Ɗauri kuma yana kashe nama, musamman a sarar kasa, wadda dama ruɓar da wurin take yi. Kare yawanci a baki ko fuska ake sararsa, don haka a fara cire masa igiyar wuya kafin kumburi ya shaƙe shi. A ɗauke shi a hannu ko a mota, kada ya yi tafiya da ƙafarsa, motsi yana yaɗa dafin. Kyanwa a sa ta a kwali. Kada a ba su diclofenac, ibuprofen ko asfirin, suna ƙara zubar jini, suna lalata ƙoda. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Ƙari kan bayanin Dakta: dabba na iya miƙewa kamar ba komai, sai daga baya jini ya fara fita a dasashi ko a fitsari. Akwai gwaji mai sauƙi. Likita zai ɗebi jini mililita 2, ya zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, ya ajiye minti 20 ba tare da girgizawa ba. In aka karkata bai daskare ba, dafi ya shiga jiki. Dole kwalba ce, roba tana ba da sakamakon ƙarya. A maimaita bayan awa 6.

Uwar Gida:
Na gode, Malamai. To kumurci da ke fesa dafi a ido fa?

Likitan Dabbobi:
A wanke idon nan take da ruwa mai tsabta, ana ta kwarara shi minti 15 zuwa 20, a hana dabbar sosawa, sannan a kai likita ya duba ko idon ya sami rauni. Sara kuwa maganinta allurar kashe dafi ce ta jijiya, irin EchiTAb-Plus da aka yi don kububuwa da kasa da kumurci. Ba a rage wa kyanwa adadin don ƙanƙantarta, yawan dafin ake bi. A buga wa asibitin waya tun a hanya, domin ba kowane ke ajiye allurar ba.