A ba Baba Saja ragamar aikin jinga, ko kuwa?

Sakataren ƙungiya: Salamu alaikum jama'a. Damina ta kusa, ga maganar da nake so mu tattauna kafin taron ranar Juma'a. Ni a ganina duk garin da Allah ya ba tsohon soja, shi ya kamata a damƙa wa aikin gayya gaba ɗaya, har da kuɗin kwamiti da ikon cin tara. Mu kuwa muna da Baba Saja. Mutumin nan ta Defot ɗin Zariya ya shiga soja, ya je Laberiya da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG da aka tura a 1990, ya je Saliyo, ya cika shekara 35 ɗinsa ya dawo gida. Da ruwan 2022 ya zo, wanda ya yi ɓarna daga Ringim har Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja, wa ya tara samari cikin dare ana ɗura ƙasa a buhu? Shi ne. A ba shi kawai.

Malamin firamare: Wa alaikumus salam. Sakatare, babu mai musun alherin Baba. Tuƙa-tuƙar makarantarmu shi yake gyara ta, ko kuɗin kayan gyara sai an yi da gaske yake karɓa. An ce a cibiyar Oshodi ya koyo, inda ake koya wa sojoji sana'a kafin su ajiye kaki. Amma "duk garin" ɗin nan da ka ce, ban yarda ba. Halin mutum ɗaya ka gani, ka jingina shi ga kaki. Tsofaffin sojoji nawa ne suka dawo ba su ko zuwa jana'iza?

Ɗan sa-kai: Malam, kaki ne. Kafin ya dawo in aka ce aiki bayan sallar asuba, sai hantsi ka ga mutum biyar da fartanya ɗaya. Shi ya zo da kiran suna, ya raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni da nasa yankin jinga, in ya karye an san wa za a tambaya. Wannan tsari a bariki ake koyon sa.

Mai ƙwadago: To ai nan gizo ke saƙar. Yaya Sakatare, ku yi mini afuwa, amma sai na faɗa. Baba Saja yana da fansho, wata ya ƙare ana turo masa ko ya fita ko bai fita ba. Ni in na kwana biyu a bakin jinga, kuɗin noman da zan yi wa wani ya tafi, yarana kuma ba za su ci kiran suna ba. Wanda ke da abin sawa a tukunya shi ke iya sadaukar da yininsa. Sannan a ce shi zai ci ni tara don ban zo ba? A lokacin noman farko, da ciyawa ke neman cinye gero?

Jikan Baba: Kawu, fanshon da kake gani ba wani abin kirki ba ne. Ba ka ga tsofaffin sojoji suna kwana a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu ba? Rabin abin da ke shigo masa a man babur yake ƙarewa, wajen kai marasa lafiya Haɗeja.

Mai ƙwadago: Allah ya saka masa. Amma ƙarami ne ko babba, yana zuwa. Nawa sai na yi gumi.

Gwaggo mai ƙosai: Ku bar ni in sa baki, tunda mata ba a kiran mu taro sai in za a dafa wa ma'aikata abinci. Daren da 'yar ƙanwata ta yi doguwar naƙuda, Baba Saja ne ya tashi mai mota, ya bi su da fitila har kan kwalta saboda laka. Wannan ba zan manta ba. Amma shi ne kuma ya sa ɗana tsallen kwaɗo don ya makara, magidanci mai 'ya'ya biyu, a gaban surukinsa. Yaron nan mako guda bai fita majalisa ba. Gari ba bariki ba ne, 'ya'yana. A can in an hukunta ka gobe a canja maka wurin aiki. Nan kuwa tare za ku yi sahu har mutuwa.

Ɗan sa-kai: Gwaggo, tun daga ranar dai bai ƙara makara ba.

Gwaggo mai ƙosai: Bai ƙara zuwa ba ne, ɗan nan.

Masunci: Ni duk ba nan hankalina yake ba. Kuna ta maganar wa zai kira suna, ba wanda ya tambayi me ya sa ruwan ke hawa. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, kogin nan ya daina bushewa da rani yadda iyayenmu suka san shi. Ruwa na kwance shekara duka, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta, kogi ya cike. In damina ta yi ƙarfi, aka kuma saki ruwa daga sama, ina zai bi? Gonaki da gidaje. Cikin kachalar nan kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su sauka kan shinkafa. Buhun ƙasa ba ya maganin wannan. Sai an shiga ruwa da lauje da kwale-kwale an buɗe hanya tun da rani, manyan wuraren kuwa sai injin yashe kogi. Bara mun gaya wa Baba kada a ja jinga ta gabas, ruwa ta fadamar kudu yake sato hanya. Ya ce an riga an tsara. Kun dai ga ta inda ya shigo. Soja ya san tsara mutane, amma Sarkin Ruwa ne ya san kogi, kuma a shirin Sakatare ban ji inda aka ambace shi ba.

Sakataren ƙungiya: Wannan magana ce, Baffa. Amma Sarkin Ruwa ya kira gayya sau nawa aka fito?

Masunci: Shi ya sa ban ce a cire Baba ba. Na ce kada a ba shi komai da komai.

Ɗan gari mazaunin Legas: Ina bin ku daga nesa. Abin da ke ba ni tsoro daban ne. Duk 15 ga Janairu za a yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni, a sayar da tambari a manna a ƙirji, shi ke nan sai baɗi. Mu ma haka muke yi wa Baba, yabo a baki, aiki a wuyansa. Tun da ya ɗauki gyaran famfo, kansila ya huta, ba wanda ya ƙara zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman ko da buhu. Mutum ya haura sittin, gwiwa ta fara ciwo. Wa ya koya wa gyaran tuƙa-tuƙar? In ba kowa, ranar da ya kwanta gari ya koma rijiya.

Malamin firamare: Yara biyu na bin sa, amma ɗaya ya tafi ci-rani.

Jikan Baba: Na karanta masa duk abin da aka rubuta. Ya ce a gaya wa Sakatare ba ya son kuɗin kwamiti ko kusa, a ajiye su wurin mai gari da liman, a riƙa karanta lissafi bayan Juma'a. Ya ce Baffa masunci ya zo su taka bakin kogi tare kafin a haƙa ko'ina. Maganar ɗan Gwaggo kuwa ya ce a bariki wannan gaisuwa ce.

Gwaggo mai ƙosai: To ka ce masa ya zo gida ya yi irin tamu gaisuwar, da goro.

Mai ƙwadago: Tarar fa? Duk an amsa wa kowa ban da ni.

Jikan Baba: Ya ce tara tana nan, Kawu, in aka cire ta ba mai fitowa.

Mai ƙwadago: To ni ma ranar Juma'a ina nan. A mayar da gayyar zuwa rani, ko a ware mana masu ƙwadago ranar da ba noma, in ba haka ba a gaban mai gari zan ce ba zan biya ba.